Kafin A Ce Ƙaddara, A Duba Zaman Inji

Raina a ɓace yake, kuma yau ba zan yi wa kowa kara ba. A ƙasar nan direban motar haya ba ya tashi daga Kontagora ya kai Yawuri ba a tare shi an nemi lasisinsa ba. Amma a bakin kogi, yaron da ko gemu bai gama tsirowa ba zai ɗebi mutum 80, da babura, da buhunan masara, da awaki, ya ja igiyar inji ya nufi tsakiyar ruwa da su, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda inji ya kamata ya zauna a bayan jirgi. In an kai gaci, a ce gwani ne. In an kife, a ce kwana ne ya ƙare. A yi jana'iza, a aiko da ta'aziyya da buhunan shinkafa, ranar kasuwa ta zagayo a sake lodi irin na jiya.

Ba mu manta ba. Ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin da ya taso daga yankin Borgu a Jihar Neja ya nufi Warrah ta Jihar Kebbi ya nutse da mutum sama da 150, 'yan kaɗan ne suka fita da rai. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ta ci aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka a Patigi ta Jihar Kwara suna komawa gida cikin duhu. Daren 1 ga Oktoban 2024, jirgi ɗauke da mutum kusan 300, yawancinsu mata da yara, ya kife kusa da Gbajibo, su ma 'yan Mauludi ne.

Ba zan ce zaman inji ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba. Abubuwan da ake ambata a kan irin waɗannan haɗurra sanannu ne: lodin da ya wuce kima, ruɓaɓɓen katako, tafiyar dare, kututturen da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Sai dai duk uwarsu ɗaya, wato jirgi a hannun wanda ba a koyar ba, a tashar da babu mai gwada shi. Na zaɓi zaman inji ne domin shi ne awo mafi sauƙi. Ba ya cin ko sisin kwabo. Ba ya neman kwangila, ba ya jiran kasafin kuɗi. Karatu ne na wuni guda. In shi ma ya gagare mu, to ƙarya muke yi da muke cewa rayukan mutanen bakin kogi sun dame mu.

Ga yadda abin yake. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ko 60 ko 75 da ya cika tashoshinmu daga Yawuri har Baga, ba a kafe yake wuri ɗaya ba. Yana lilo a kan maƙalinsa. Ƙafarsa da ke cikin ruwa, wadda ke ɗauke da farfela, tana iya matsowa jikin jirgi, tana iya yin nesa da shi. Wannan shi ne zaman inji, makanikai kan ce tirim. A manyan injunan zamani maɓalli ne a hannun totur, direba na tafe yana dannawa. A irin namu kuwa wata 'yar sakata ce ta ƙarfe da ake zurawa a ɗaya daga cikin ramuka 4 ko 5 da ke jikin maƙalin, ƙafar inji ta jingina da ita. Ramin da ka zaɓa shi ke nuna wa farfela inda za ta tura ruwa.

In ƙafar ta matso jikin jirgi, farfela na tura ruwa baya da ƙasa-ƙasa, sai gindin jirgi ya ɗaga, goshinsa ya sunkuya. In ta yi nesa, farfela na watsa ruwa baya da sama-sama, sai gindi ya danne, goshi ya tashi. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san wannan a jikinsa: ka ɗaga hannun garma, bakinta ya nutse cikin ƙasa har shanu su fara haki, ka danne shi, baki ya fito yana shafar ƙasa, babu huɗa. Tsakanin biyun nan aiki yake. A jikin inji, abin da ke nuna tsakiyar shi ne wani faffaɗan faranti da ke saman farfela. In jirgi na tafiya da lodinsa, farantin nan ya kamata ya kwanta daidai da fuskar ruwa, bai kalli sama ba, bai kalli ƙasa ba. Daga nan ake farawa, sannan a matsa rami ɗaya ciki ko waje gwargwadon lodi da iska.

In ka cusa ƙafar ciki fiye da kima, jirgi zai tafi goshinsa a soke cikin ruwa. Ruwa na fantsamo wa fasinjan gaba, inji na nishi, mai na ƙonewa, gudu babu. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai munin shi ne, goshin da ya nutse yakan ƙwace tuƙi daga hannun direba. Igiyar ruwa ta bugi gefen goshin, jirgi ya fizge ba shiri, mutanen da ke zaune a kan buhuna su zube ɓangare guda, baki ya sha ruwa. Jirgin da lodi ya sa tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, karkata ɗaya ta ishe shi.

In kuma ka ja ƙafar waje fiye da kima, goshi ya miƙe sama ya rufe wa direba gani. Yana can baya riƙe da hannun inji, ba ya ganin kututture, ba ya ganin kwale-kwalen masunci, ba ya ganin kan dorina. Jirgi mai gudu zai fara tsalle, goshi ya tashi ya faɗo, ya tashi ya faɗo, kowace faɗuwa na girgiza ƙusoshi da mahaɗar katako. Farfela ta taso saman ruwa ta shaƙi iska, inji ya ƙwala ƙara amma jirgi ba ya cin gaba. Ga shi kuma ƙofofin da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa a jikin ƙafar suke. In suka fito fili, ɗan fitsarin ruwan nan da ke tsartowa daga gefen inji ya yanke, robar da ke jawo ruwan ta ƙone, inji ya ɗau zafi ya mutu a tsakiyar kogi. Jirgin da injinsa ya mutu kuwa ba shi da tuƙi. Ruwa ne zai juya shi yadda ya so, ya ba igiya gefensa.

Zama ɗaya ba ya yi wa kowane gudu. Ɗauki jiragen faiba masu injin maɓalli, waɗanda ke hawa saman ruwa in sun ɗau wuta. Lokacin tashi, ƙafa a ciki ake so, domin gindi ya ɗaga da wuri jirgi ya hau. Da ya hau, sai a riƙa sakin ƙafar waje kaɗan-kaɗan ana sauraren inji. Za ka ji jirgi ya yi shafal, hannun tuƙi ya daina fizga, gudu ya ƙaru ba a ƙara totur ba. Masu ƙera injunan sun auna abin: goshi ya ɗaga da kamar digiri 3 zuwa 5. Da zarar jirgi ya fara tsalle ko farfela ta fara shan iska, an wuce wuri, a mayar da ƙafa ciki kaɗan. In za a shiga kwana, a mayar da ita ciki kafin a karya, in ba haka ba farfela ta saki ruwa a tsakiyar kwanar. Mafi sharrin gudu shi ne na tsaka-tsaki, jirgi bai hau ruwa ba kuma bai tafi a hankali ba: goshi a sama, gindi a nutse, yana jan wata ƙatuwar igiya a bayansa. Da wannan gudun ne masu inji ke wuce ƙananan kwale-kwalen matan da ke kai kifi kasuwa, su bar su suna kwarfar ruwa da ƙwarya cikin salati, su kuwa ko waiwaye. Wannan zalunci ne, ko an sani ko ba a sani ba.

Haka yanayi. Tun da aka datse Kogin Neja a Kainji a 1968, wurin ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, inda iskar farkon damina ke samun filin tara raƙuman ruwa cikin ɗan lokaci. In kana fuskantar iska, goshi ƙasa kaɗan ake so, domin kaifinsa ya riƙa yanka ruwan maimakon cikin jirgi ya riƙa faɗawa a kai, sannan a rage wuta. In iska na bayanka, goshi sama kaɗan ake so. Dalili kuwa, in jirgi ya gangaro daga kan wata igiya goshinsa ya soki ta gaba, ta baya za ta ɗaga gindin ta juya shi a kaikaice, daga nan sai kifewa. Direban da ya haye da safe yana fuskantar iska, ya juyo da yamma tana bayansa, sakata na rami ɗaya, kaya na jibge wuri ɗaya, caca yake yi da ran mutane.

Da rani, in ruwa ya ja baya, yashi ya fito a Kogin Neja da na Binuwai, ciyawa ta cika mashigan Tafkin Chadi, akwai matakin da aka yi wa inji domin ɗaga ƙafa a ruwa marar zurfi. Don tafiya a hankali kaɗai aka yi shi. Wanda ya ɗaga ƙafa ya murɗa totur, da hannunsa yake danna gindin jirgi zuwa ga yashin da yake gudu, domin dama jirgi mai gudu a ruwa marar zurfi ƙara nutsewa yake yi ta baya. A irin wurin nan ido ba ya barin fitsarin inji, saboda yashi da ciyawa da leda na toshe ƙofofin ruwa. Tsayawa ma karatu ce. Jirgin da gindinsa ya yi nauyi, in aka saki totur farat ɗaya, igiyar da yake ja za ta cim masa ta haura ta kan katakon da inji ke rataye. A hankali ake sauka daga gudu.

Na san abin da masu manyan jiragen katako za su ce: namu ba ya hawa ruwa, ture shi yake yi, to ina ruwanmu da wannan? Gaskiya ne sakata ba ta ɗaga goshin jirgin da ya ɗauki tan-tan na kaya yadda take ɗaga na faiba. Amma wannan ƙarin nauyi ne a wuyanku, ba rangwame ba. A irin jirginku, lodi ne ke yanke zaman inji. Ka jera babura a baya, gindi ya nutse, farfela ta sauya inda take kallo ko ba ka taɓa sakata ba. Ka tara buhuna a gaba, gindi ya ɗaga, farfela ta riƙa shan iska duk sanda igiya ta wuce. Rabin fasinja su sauka a tashar farko, zaman jirgi ya sake. Saboda haka bayan an gama lodi ake duban faranti, ba kafin a fara ba. Kuma tunda sakata ba ta sauyuwa jirgi na tafe, sai an kashe inji an ɗaga shi, shawara ce da ake yankewa a tasha, ido na kallon sama, ana lissafin inda iska za ta kasance a dawowa. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma tsakiya, a ɗaure su. Mutane su zauna a kan benci, ba a kan tulin kaya ba.

In rai bai motsa mai jirgi ba, to aljihu ya motsa shi. Inji mai doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji, yana shan kusan lita 20 a awa ɗaya in aka murɗe totur ƙarshe. Kafin a janye tallafi a Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, daga baya har ta haura 1,000. Babban jirgin katako na da iyakar gudun da tsawonsa ya yarje masa. In ya kai nan, duk totur ɗin da aka ƙara gindi kawai yake dannewa, ya tara igiya, ya ƙone mai. Farfelar da ke kallon sama ko ƙasa, wani kaso na ƙarfinta a banza yake tafiya. Wa ke biyan wannan asarar? Ba mai jirgi ba. Kuɗin fito zai ƙara, ko ya cusa ƙarin mutane a kan lodi don ya fid da kuɗin mai. A nan ne jahilcin sakata ke zagayowa ya haifi lodin da ke kashe mutane. Ƙaramin abin da aka raina da babban da ake kuka da shi, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Je ka tasha ranar kasuwa ka leƙa bayan jirage. Za ka ga injin da sakatarsa ta ɓace tuni, an soka guntun rodi ko ƙusa a madadinta. Za ka ga wadda tsatsa ta manne a rami ɗaya tun ranar da aka sayo injin. Za ka ga wanda aka ɗaure ƙafarsa tam da igiya, alhali an ƙera shi ne yadda in ƙafa ta daki wani abu jirgi na tafiya gaba, za ta iya tashi sama ta rage bugun. In ka ɗaure ta, katakon bayan jirgi ne zai karɓi dukan, shi ne zai tsage, kuma a tafkin Kainji da ya haɗiye dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Busa, wanda kututtura ke tsaye a ƙasansa har yau. Za ka ga ɗan fiffiken nan da ke ƙarƙashin faranti, wanda ake juyawa don inji ya daina fizgar hannu, ya cinye ko ya faɗi, direba na kokawa da hannun inji tun daga wannan gaɓa har waccan, kafaɗa ta gaji, hankali ya rabu biyu. Ka tambaye shi amfanin ramukan nan, ya ce maka haka kamfani ya yi su.

Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, kuma ba zan yarda a rataya masa shi kaɗai ba. Kafintan da ya ƙera jirgi da ido ya yanka katakon baya, bai tambayi wane inji za a rataya ba. Injunan nan ƙafarsu iri-iri ce, akwai gajera ta inci 15, akwai doguwa ta inci 20. Ƙa'ida ita ce farantin ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka da abin da bai wuce inci 1 ba. Ka rataya gajera a dogon katako, farfela ba za ta daina shan iska ba ko wane rami ka sa sakata. Ka rataya doguwa a gajeren katako, tana jan ruwa tana laluben yashi. Dillalin da ya sayar da injin miliyoyin naira ya miƙa littafin bayani da Turanci, in ma akwai littafin, ya ƙirga kuɗinsa ya juya baya. Mai jirgi ya nemi yaron da zai karɓi lada kaɗan, abin da yake tambayarsa da yamma shi ne nawa aka samu, ba yaya jirgi ya zauna a ruwa ba. Ƙungiyar tasha ta karɓi kuɗin tikiti ta ɗaga hannu a wuce.

Za a ce mini ai mutanen ruwa gado suka yi. Ina girmama Sarkawa da Gungawa da Nufawa da Kabawa da Buduma. Sun san ruwansu kamar yunwar cikinsu, sun san inda gurbi yake, sun san hadarin da zai zo da iska tun bai haɗu ba. Amma gadon filafili da gora ne. Inji baƙo ne a cikin wannan gado, kakan da ya koyar da karatun ruwa bai taɓa riƙe totur ba, saboda haka bai bar wasiyya a kan sakata ba. Bayan haka, ba duk mai tuƙi a yau ne ɗan gado ba. Lalacewar hanyoyi da 'yan bindigar da suka tare su a Neja da Kebbi da Sakkwato da Zamfara sun koro jama'a zuwa ruwa, fito ya zama sana'ar kuɗi, kowa ya shigo. Fasinja sun ƙaru, injuna sun ƙara ƙarfi, jirage sun ƙara girma, ilimi kaɗai ne ya tsaya inda yake.

Sai maganar ƙaddara. Na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara mafakar sakaci ce ba. Tawakkali bayan riƙo da sababi yake zuwa. Wanda aka damƙa wa amanar rayuka ya ƙi neman sanin aikinsa, za a tambaye shi. Wanda ya ɗora shi a kan aikin yana sane da bai iya ba, shi ma za a tambaye shi. Kalmar da aka ba mu domin rarrashin uwar da ta rasa 'ya'yanta, mun mayar da ita sabulun wanke mai laifi. Ina roƙon limaman garuruwan bakin ruwa su faɗi wannan a kan mumbari kafin ranar kasuwa, kada su jira sai an jera gawawwaki a gabansu.

Hukumomi kuwa ba su da uzuri. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tun 1997 aka kafa ta, hedikwatarta na Lakwaja, a mahaɗar manyan kogunan nan biyu. A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Akwai kundin dokokin sufurin ruwa da ya hana tafiyar dare, ya hana lodin wuce kima, ya wajabta rigar kariya. Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, ma ta raba riguna a garuruwan da ke kewayen madatsu. Na yaba, rigar tana ceton rai, kowa ya sa ta. Amma rigar kariya ba ta fara aiki sai jirgi ya kife. Ina aikin da zai hana shi kifewa? Rabon riguna ana yinsa gaban 'yan jarida a gama cikin awa guda. Koyar da direba sai an shiga ruwa da shi cikin rana, a jiƙe, a dawo gobe a sake. In aka riƙe na farko aka yi sakaci da na biyu, ihu bayan hari ake yi, kuma wannan ne ke ƙona mini rai.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Kada a ba kowa izinin ɗaukar fasinja sai an gwada shi a kan ruwa, da jirgi mai lodi, ba a kan takarda ba. Ya nuna sakata, ya sauya ta, ya faɗi abin da zai yi in iska ta juyo, ya tsayar da jirgi ba tare da ruwa ya haura ta baya ba. A yi koyarwar da Hausa da Nufanci da Barbarci da duk harshen da ake ciniki da shi a tashar. Muna da kwalejojin kimiyyar kamun kifi na tarayya a Sabuwar Busa da Baga. A haɗa malamansu da tsofaffin makanikai, su horar da shugabannin tasha, su kuma su horar da yaransu. A tilasta wa duk mai sayar da inji ya manna zane a jikinsa mai nuna zama uku, na ciki da na tsakiya da na waje, da abin da kowanne ke yi wa goshin jirgi, yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane. A tara kafintocin jirgi a ba su awon katakon baya. A ja layin fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa shi lodi ya ƙare. Gidajen rediyon jihohin nan su ware wa wannan fili kafin faɗuwar damina. Kuma duk jirgin da ya kife, a binciki lodinsa da injinsa da wanda ya koyar da direbansa, a buga sakamakon kowa ya karanta.

Kai kuma ɗan'uwana direba, ba sai ka jira Abuja ba. Ka zaɓi safiyar da ruwa ke kwance, ka sa nauyin da ka saba ɗauka, ka gwada ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe inji kafin ka taɓa sakata, ka kula da yatsunka, ka tabbata ta kulle. A kowane rami ka lura da goshi, da ƙarar inji, da fizgar hannu, da fitsarin ruwa, da man da ya sha. Ka shafa wa sakata giris, in ta ɓace ka sayi ta ainihi. Abin da ka gano ka koya wa yaronka tun yau. Tambaya ba ta rage maka girma a tasha. Gawar fasinja ce ke rage shi.

Ku kuma fasinjoji, musamman iyayena mata da ku ne kuka fi cika jiragen nan da goyo a baya, kuɗinku ne, ranku ne. In kuka ga ruwa na lasar bakin jirgi tun yana tasha, ko gindinsa ya nutse goshi na kallon sama, ku sauka. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.

Maganata ta ƙarshe gare ku ce, iyayenmu sarakunan ruwa da shugabannin tasha, ranku ya daɗe. Jami'in gwamnati na zuwa ya tafi, ku ne kullum a bakin ruwa, maganarku ce yaran nan ke ji. Daga ranar kasuwa mai zuwa, kada ku bari a kwance igiyar jirgi sai direba ya amsa muku tambaya uku: a wane rami sakatarka take, me ya sa ka sa ta nan da wannan lodin, kuma me za ka yi in iska ta taso maka ta baya? Wanda ya amsa, Allah Ya kiyaye hanya. Wanda ya kasa, a sauke masa fasinja a gabansa, ya koma ya koya.